Noti Na Shida

Kuɗin da na bar Gumel da su, tunkiyar Inna ce. Jar nan mai farin tabo a goshi. Habu, kai ya kamata ka tuna ta, ita ce ta cinye maka rabin littafin lissafi ka je makaranta ka ce ɓarayi ne. Ciki gare ta ma a lokacin. Inna ta ja ta kasuwa da kanta, ta dawo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta farke ƙugun wandona, ta nannaɗe takardun ta cusa, ta ɗinke da baƙin zare. Ta ce, "Sabi'u, kada ka farke sai ka ga yunwa ido da ido." Kwana tara na yi a hanya da wandon nan a jikina. Da muka isa, ko na cire shi zai iya tsayuwa shi kaɗai.

Ku matso inuwa mana. Nafisa, ajiye tsintsiyar nan. Kun bincike jakata kun ga ba komai sai riguna da wannan guntun ƙarfen, kuna ta gulmata a bayan ɗaki, na ji ku. To yau zan ba ku labarinsa.

Ni dai tun ina ƙarami ƙafata ba ta son wuri ɗaya. Shekara huɗu na yi a garejin bakin tasha ina koyon aiki, hannuna a cikin inji, raina a kan titi. Wani direban babbar mota ne ya hure mini kunne. Ya ce akwai wani gari can bayan Kamaru, Bangi, inda mangwaro ke faɗuwa a titi babu mai sunkuyawa, da kogin da idan ka tsaya a bakinsa wata ƙasa kake kallo a tsallake. Kuma bai yi ƙarya ba. Yola, Garwa, Ngaundare, Garwa-Bulai, ina kwance a kan buhunan albasa ina kallon bishiyoyi suna ƙara tsawo, ƙasa tana ƙara ja kamar an barbaɗa mata barkono. Har yanzu idan na rufe ido sai in ji motar nan tana rausaya da ni.

Unguwar da na sauka Kilomita Biyar ake ce mata. 'Yan gari kuwa da Faransanci suke gajarce ta, su ce wani abu kamar "Peka Sank". Ni da bakina na Gumel na ce "Feka Sanki", aka yi ta dariya har mai shayi ya zubar da madara. Sunan ya bi ni, shekara bakwai ana kirana Malam Feka. Akwai Hausawa a can waɗanda kakanninsu suka je tun ba a haifi kakarmu ba. Za ka ga mutum da hula da carbi, sunansa Garba, ka yi masa sallama ya amsa da Hausa, a kalma ta uku ya zame cikin Sango, yaren garin, ya bar ka a tsaye kana murmushin wauta. Abinci kuwa tuwon rogo ne, gozo suke ce masa, da miyar ganyen rogo. Rogo a hannun dama, rogo a cikin kwano. Wata uku ina mafarkin miyar kuka.

Ɗaki na samu a gidan wata Hajiya Balaraba, mai sayar da atamfa a kasuwa, asalinsu 'yan Damagaram ne. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Kai, Baƙin Mai! Wa ya shafa mini hannu a bango?"

"Ranki ya daɗe, ba ni ba ne."

"To aljani ne mai yatsu biyar yake aikin gareji? Ɗauko ruwa da soso, kada in dawo in tarar."

Da yamma kuma ita ce za ta aiko mini da kifi a rufe, ta ce wai ya yi mata yawa.

Ita ta kai ni wurin Baba Isaka. Garejinsa yana bayan Titin Koudoukou, ka bi ta wajen masu canjin kuɗi ka shiga wani lungu, sai ka ga katuwar bishiyar mangwaro da gawarwakin motoci a ƙarƙashinta. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya, yanar ido kuwa ta fara rufe masa gani. Ranar farko ya miƙo mini sifana ya ce in ɗaure masa wani noti ya gani. Na waiga na ɗauko bututun ƙarfe na zura a sifanar don in ƙara ƙarfi, yadda aka koya mini a nan. Sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu.

"Me za ka yi da bututun, ɗan Gumel?"

"Ɗaurewa, Baba. Mu a wajenmu sai noti ya yi ƙara ake barinsa."

"Ƙarar nan da kuke ji, kuka yake yi."

Ya shiga rumfa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar atamfa. Ma'auni ne na ƙarfe, bakinsa kamar ƙugiya, da wani ɗan ganga da ake murzawa, jikinsa duk ƙananan layuka. Palmer suke ce masa, ni falma na iya faɗa. Ya ce lokacin da gari ya rikice a shekarun baya, bai ɗauki komai a garejin ba sai shi, a cikin buhun garin rogo ya binne shi.

Ku saurara nan, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. A cikin inji akwai sanduna da ke haɗa fistan da karanshaf, mu nan muna cewa kwanrod, su suna cewa biyel. Karanshaf kuma wani suna suke ba shi mai karya haƙori, ni bilbirkan nake cewa. 'Yar Baba, Yaya Mariyama, mai shagon magani a bakin titi, duk sanda ta kawo masa abinci sai ta ce, "Malam Feka, don Allah faɗi sunan ƙarfen nan in ji, yau raina a ɓace yake." To kowace sanda gindinta a rabe yake biyu, ya rungumi karanshaf, noti biyu ke riƙe da shi. Idan mota tana gudu, waɗannan notunan ne ke hana komai tarwatsewa. Ɗaya ya tsinke, sandar ta fasa inji ta leƙo waje, in kuwa a gangara ne sai abin da Allah ya yi.

Baba ya ce mini ƙarfe yana miƙewa. Na yi dariya. Bai kula ni ba, ya sa na auna tsawon noti da falma, ya sa na shafa wa zarensa mai na ɗaure a hankali, na sake aunawa. Wallahi ya ƙara tsawo. Layi goma sha biyar, wajen kaurin gashin kai biyu. Ya ce in kwance, in ajiye shi ya huce, don ba a auna ƙarfe da zafinsa. Da na sake aunawa ya koma daidai inda yake. Ashe duk shekarun nan ina taɓa abu mai numfashi ban sani ba.

Ya ce, "Sifana ƙarfin hannunka take gaya maka, ba halin da noti yake ciki ba. Wannan kuwa shi notin yake tambaya. Abin da ke sa ya yi riƙo, so yake ya koma yadda yake. Ka ja shi, yana ja baya. Wanda aka ja har ya daina son komawa, ba ya riƙe komai, ko da ya yi kyau a ido."

Haka muke aiki. Kwali mai huda takwas, kowane noti da hudarsa da tsawonsa a rubuce. A auna, a ɗaure yeke yeke, wato sannu-sannu, a auna, a kwance, a huce, a auna. Wanda ya kasa dawowa da fiye da layi biyu, gwangwani za a jefa shi. Sauran garejoji suna yi mana dariya, wai muna yi wa noti awon ciki. Amma injin da ya fita daga hannun Baba ba ya dawowa a kan igiya.

Matsalar ɗaya ce, Baba ba ya iya ganin layukan kuma. Yakan ɗora falmar da kansa, yatsunsa sun san daidai inda za su tsaya, sai ya miƙo mini ya ce, "Nawa?" In karanta. Ya ce, "Kai ne idona, ɗan Gumel." Shekara uku muna haka, bai taɓa sa wani ya duba bayana ba.

Ranar Lahadi nakan hau babur in tafi bakin kogi. Ku ba ku taɓa ganin ruwa ba, na rantse. Da safe hazo yana kwance a kansa, kwalekwale ya fito daga cikin farin kamar daga sama aka sauko da shi, mutumin ciki a tsaye, ba ka ganin ruwan da ke ɗauke da shi. Garin da ke tsallake sunansa Zongo. Na ce a raina, ashe har nan mutanenmu sun yada zango suka wuce. Sai in zauna ina tunanin me ke bayan Zongo, me ke bayan bayansa. Wannan tunanin ne ya ci ni.

Saura mako uku Babbar Sallah motar Hajiya Balaraba ta buga inji. A-kori-kura ce mai shan gas, da ita take zuwa Garwa-Bulai ta kwaso dilolin atamfa, ita da kanta a gaba kusa da direba. Ta zo garejin tana fifita da gefen mayafi.

"Isaka, ranar Asabar bayan asuba zan kama hanya. In na rasa kasuwar sallar nan na rasa shekara."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"Kai kuma Baƙin Mai, in motar nan ba ta tashi ba, ka nemi inda za ka shimfiɗa tabarmarka."

Muka sauke injin, muka wanke, aka gyara abin gyarawa. Ranar Laraba bayan la'asar muna kan notunan biyel, mun gama biyar, aka zo aka kira Baba gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Ya ce in ci gaba da na shida, yanzu zai dawo.

Hadari ne ya taso daga wajen kogi. Iska ta fara kaɗa mangwaron, ƙamshin ƙasa ya cika wurin, wasu fararen tsuntsaye suka ratsa ta gaban baƙin gajimaren a jere, suna tafiya kudu. Na bi su da ido. Na bi su har tsallaken ruwa, har cikin dajin da ban taɓa gani ba. Ban san sanda hannuna ya koma Gumel ba. Ya laluba ya ɗauko bututu ya zura a sifana ya ja. Abin da ya dawo da ni, ji na yi notin ya yi laushi a hannuna, kamar ka taka ƙasa ka ji ta lotsa.

Na kwance shi, na ajiye ya huce, ina addu'a. Na auna. Layi tara bai dawo ba. Na goge falmar na sake. Tara.

Na san irin notin nan babu shi a duk kasuwar Kilomita Biyar, don mun nema tun farko, sai an aiko daga Duwala, can Kamaru. Ina tsaye da shi a hannu Baba ya shigo yana karkaɗe ruwa daga hularsa. Ya ce, "Na shida ya huce?" Na ce ya huce. Ya karɓa, ya ɗora falma, ya murza, ya miƙo mini.

"Nawa?"

Na kalli layukan, na kalli kwalin. Na karanta masa abin da ke jikin kwalin.

"Madalla," in ji shi. "Mayar da shi."

Ranar Alhamis muka ta da injin. Ban taɓa jin inji mai daɗin murya irinsa ba. Baba ya kafa dogon sukundireba a jikinsa ya sa kunne a ƙotar, ya lumshe ido yana murmushi. Hajiya ta yi guɗa, ta ce yau Baƙin Mai zai ci kaza. Na ci kazar. Kamar auduga nake taunawa.

Na yi ta lallashin kaina. Noti bakwai lafiyayyu ne. A Gumel wa yake auna wani noti, kuma motoci suna ta yawo? Wataƙila ya yi shekara biyar. Amma na bi hanyar nan a kan albasa, na san gangarenta, na ga gawarwakin motoci a cikin kwazazzabai ciyawa ta fito ta tagoginsu. Duk inda na juya sai in ga Hajiya a gaban mota da jakarta a cinya tana cin gyaɗa.

Ranar Juma'a na raka Baba Masallacin Koudoukou kamar kullum, hannunsa a kafaɗata. Wajen tsallaka titi babura suna ta giftawa, bai ko waiga ba, inda na sa ƙafa nan yake sawa. A nan ne abin ya ƙare mini. Muna dawowa ban cire kayan Juma'a ba na shige ƙarƙashin motar, na tsiyaye mai, na sauke kaskon ƙasa, na kwance na shida. Na fito na durƙusa a gabansa, farar rigata ta zama abin da ta zama, na sa masa notin a tafin hannu.

"Baba, ƙarya na yi maka. Layi tara ne. Da bututu na ja shi."

Ya daɗe yana murza shi tsakanin yatsu, daga kai zuwa gindi. Na so ya ce tun farko ya gane. Na so ya mare ni.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba. Da ka yi shiru, da sai dai a kawo mini labari daga hanya, in mutu ina cewa hannuna ne ya tsufa."

Sai ya miƙo hannu. Na ɗauko falmar na ba shi, ya naɗe ta a atamfarta.

Shi ya je ya gaya wa Hajiya da bakinsa, ni ina bayansa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta fara. Ta yi da Hausa, ta yi da Sango, ta ƙarasa da Faransanci.

"Saboda gashi ɗaya! Kaurin gashi ɗaya za ku hana ni sallah? Ku mayar da shi, na yafe, ni zan hau!"

"Ba daga garejina ba, Hajiya."

"Allah ya huci zuciyarki," na ce.

"Kai rufe mini baki, maci kazar mutane!"

Kwana goma sha biyu notunan suka yi kafin su iso. Kasuwar sallah ta wuce ta. Tabarmata kuwa tun ranar na tarar da ita a waje, an ɗora mata butata a kai. Na koma kwana a cikin wata matacciyar bas a garejin, mangwaro yana faɗo mini a rufi.

Baba bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora ciwo. Duk sanda za a auna noti, zai miƙo mini falma ya ce, "Nawa?" in karanta, sai ya aika a kira Yaya Mariyama daga shagonta ta sake karantawa. Ta rufe shago, ta taho cikin rana, ta duba, ta ce, "Haka ne, Baba," ta harare ni ta tafi. Ta daina cewa in faɗi sunan ƙarfen nan. Na so in gudu, ga Zongo a tsallake, kwalekwale ɗaya ne. Sau biyu ina zuwa bakin ruwan da jakata. Ban san abin da ya mayar da ni ba.

Wata takwas muna haka. Ran nan muna kan injin wata tasi, ya ce, "Nawa?" Na ce, "Goma sha huɗu, Baba, saura ɗaya." Na tsaya ina jiran ya aika. Bai aika ba. Ya ce, "To me kake jira? Ƙara masa kaɗan." Na sunkuya a kan injin na daɗe ban ɗago ba. Washegari sai ga kifi a rufe daga gidan Hajiya, wai ya yi mata yawa.

Shekara uku na ƙara. Bana da damina ta tsaya ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Ɗan Gumel, shekara bakwai kana ɗaure. Je ka gida a kwance ka a gani." Ya laluba aljihu ya ba ni wannan, notin na shida. Ashe bai jefa shi gwangwani ba.

Karɓi, Habu, miƙa wa Nafisa. Ku shafa tsakiyarsa. Ba ku ji komai ba ko? Ni ma da ido ba na gani. Ya fi sabo kyau.

Tunkiya dai na saya wa Inna, ga ta can, duk da ta ce ba ta kai waccan hankali ba. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida wata babbar mota ta wuce ta yi kudu, na bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta. Da na juyo sai na ga Inna a zaure tana kallona, da wandona a hannunta da allura, wai aljihu take ɗinke mini.

Ta ce, "Sabi'u, ka dawo ke nan, ko in nemo baƙin zare?"

Na ce, "Inna, kwana ashirin kawai na yi. Ki bari in huce tukuna, sannan a auna."